Tekun da ke ƙarƙashin Sakkwato: yadda ake karanta tarihin halittu a jikin dutse

Shekarun baya, sa'ad da na fara koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a cikin garin Sakkwato, na kwashi ɗalibai 12 muka nufi wajen Dange. Muka wuni muna tsince-tsince. Duk wanda ya ga abu mai kama da katantanwa ko haƙori sai ya jefa cikin buhun da muka zo da shi. Kafin la'asar buhu ya cika, ni kuwa baki har kunne. Bayan kwana biyu na kinkime shi na kai wa wani dattijon masanin duwatsu. Ya zazzage a kan tebur, ya ɗauki wani baƙin haƙori mai tsini, ya jujjuya shi, ya ce, "Malam, wanga ina ya hito? Bisa ga farin dutse ko ƙasa gare shi?"

Na yi tsuru-tsuru. Ya yi murmushi ya ce na kawo masa littafi mai daraja, amma sai da na warware gafakar na cakuɗa warƙoƙin. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon littafin hannu irin na gidajen malaman garin nan ya san abin da yake nufi: ba ɗinki, ba lambar shafi, in warƙoƙi suka watse karatu ya rikice. Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne hanyar da na koya bayan wannan kunya, daga shirin fita har zuwa gane shekarun abin da ka tsinta.

San ƙasar da kake takawa tukuna

Burbushin halitta shi ne duk wata saura ko alamar abu mai rai da ta daɗe a binne har ta zama ɓangaren dutse: ƙashi, haƙori, ɓawon katantanwa, kututturen itace, sawun ƙafa, ramin tsutsa, har da kashi (e, mai "k" maras lanƙwasa, shi ma yana zama dutse). Samuwarsa sai an yi dace. Akuya ta mutu a daji, kafin mako ungulu da karnuka sun gama da naman, rana da ruwan sama su rududduge ƙasusuwan, shi ke nan ba labari. Kifin da ya mutu ya nutse ƙasan ruwa, laka ta rufe shi nan take, shi ne ƙashinsa da haƙoransa ke iya tsira. Laka ta hau kan laka, nauyi ya matse ta har ta ƙanƙare, ruwan da ke tsattsafowa ta cikin ƙasa ya riƙa cusa ma'adinai a ƙofofin ƙashin. Shi ya sa mafi yawan abin da ake samu na halittun ruwa ne masu ɓawo ko ƙashi. Mai taushin jiki irin tana da wuya ya bar komai.

Ba kowane dutse ke ɗauke da su ba. Manyan duwatsun wajen Gusau da Kwatarkwashi narkakken dutse ne da ya huce a can cikin ƙasa ɗaruruwan miliyoyin shekaru da suka wuce, ko ka shekara kana fasa su ba za ka ga haƙori ba. Amma in ka baro Gusau ka doshi Sakkwato, bayan ka wuce Talata Mafara sai ka hau kan duwatsun da ruwa ya shimfiɗa, kuma da yake sun ɗan karkata zuwa arewa maso yamma, duk gaban da ka yi sai ka taka wadda ta fi ta baya ƙuruciya. Tafiyar mota ce, amma hawa kake yi cikin zamani.

Masana sun raɗa wa shimfiɗun nan sunayen garuruwanmu. Ta can ƙasa ita ce ta Gundumi, tsakuwa da rairayi da yumɓun tsofaffin koguna, inda ake samun itatuwan da suka zama dutse. A kanta akwai rukunin Rima mai shimfiɗa uku: Taloka, Dukamaje, Wurno. Ta tsakiyar, wato Dukamaje, lakar teku ce mai ƙasusuwa, daga zamanin da ya fara kimanin shekara miliyan 72 da suka wuce ya ƙare a miliyan 66. Sai rukunin Sakkwato, na tsakanin miliyan 66 da 56: lakar Dange a ƙasa, farin dutsen Kalambaina a tsakiya, lakar Gamba a sama. Daga bisani shimfiɗar Gwandu ta rufe su da rairayi da yumɓu na tudu da fadama. Kogi, teku, rairayi, teku kuma, sannan tudu. Wato sau biyu ruwan gishiri yana mamaye inda muke zaune, alhali yau tsakaninmu da gaɓar teku a Legas ya haura kilomita 700. Wani miƙi ne na teku da ya ratso Sahara daga arewa, ta ƙasashen da yanzu ake kira Aljeriya, Mali da Nijar. Buhun simintin da aka gina ɗakinka da shi, in na Kalambaina ne, daga ƙasan wancan teku aka haƙo dutsensa.

Zaɓen wuri, lokaci da kaya

Nemi inda ƙasa ta buɗe da kanta ko aka buɗe ta: kwazazzabon da ruwa ya ci, gangaren tudu irin na Dange, inda aka yanka tudu don titi, ko tulin ƙasar sabuwar rijiya. Masu haƙar rijiya abokan tafiya ne na gaske, sun san gaba nawa ake yi kafin a tarar da farin dutse ko baƙar laka. Sai dai ka tuna tulin rijiya a kife yake: abin da ya fito daga can ƙasa shi ne a saman tuli.

Lokaci mafi kyau daga ɗaukewar damina ne zuwa cikin sanyi, Oktoba zuwa Janairu. Ruwa ya wanke gangare ya fito da sabbin abubuwa, rana kuma ba ta kai ta bazara ba, wadda ke wuce digiri 40.

Batun tsaro ba abin wasa ba ne. Wuraren da suka fi ƙasusuwa suna gabas da arewa maso gabashin jiha, wajen Goronyo da maƙwabtanta, ga kuma dajin Gundumi, kuma a 'yan shekarun nan yankin na fama da 'yan bindiga. Babu haƙorin da ya kai ranka. Ko a inda yake lafiya, fara sauka wurin mai gari ko mai unguwa, ka gaida shi, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka roƙi ɗan rakiya. Baƙon da aka gani yana tonon ƙasa da guduma, zaton farko shi ne zinariya yake nema, na biyu kuma ya fi wannan muni. In gona ce a nemi izinin mai ita. Mahaƙar kamfanin siminti kuwa sai da takarda da rakiyar ma'aikatansu, don ana tashin nakiya ga manyan motoci.

Kayan aiki ba su da yawa: ƙaramar guduma, kurfi, tsohon buroshin haƙori, tef na awo, littafi da fensir, ƙananan ledoji, tsohuwar jarida, lemun tsami biyu ko uku, waya mai caji, tabarau don kare ido, takalmi rufaffe da ruwan sha isasshe. Kada ka ɗaga dutse da hannu sai ka fara juya shi da sanda. Kunama da kububuwa nan ne ɗakinsu.

Karanta bango kafin ka taɓa komai

Nan ne na yi kuskure a Dange, kuma nan ne kusan kowa ke yi. Da ka isa, hannunka zai yi ta ƙaiƙayin tsinta. Sa shi aljihu. Ja da baya kamar taku 20, ka dubi gangaren gaba ɗaya har idonka ya fara rarrabe layuka: nan launi ya sauya daga toka zuwa rawaya, can dutse ya turo waje don ya fi tauri, can kuma ya zaizaye ya shige ciki.

Sai ka matso ka fara daga ƙasa. A littafinka zana dogon ginshiƙi, ka ba shimfiɗar ƙasa lamba 1, ta samanta 2, haka har sama. Kowace ka auna kaurinta, ka rubuta launinta, ka murza ɓarɓashinta tsakanin yatsu. In ya yi gurzum-gurzum rairayi ne. In ya yi sumul kamar garin tuwo, yana kuma ɓarewa falle-falle, tsohuwar laka ce. In fari ne ko ruwan ƙasa-ƙasa mai tauri, kankare shi da kurfi ka matsa lemun tsami a kan garin: in ya yi ƙananan kumfa, dutsen siminti ne. Kada wani ya ce maka ka gwada da ruwan batir, yana ƙona fata da ido. Za ka kuma ci karo da wasu ɓallaye masu ɗaukar ido kamar gilashi a cikin lakar. Gwada da ƙumba: in ta karce su, jibsam ne, wanda ake haɗawa cikin siminti.

Dubi mahaɗar kowace shimfiɗa da ta samanta. In a hankali ɗaya ta rikiɗe zuwa ɗaya, to sauyin ma a hankali ya zo. In kuwa layin a yanke yake, mai kwarmi-kwarmi, da tsakuwa ko jan ƙarfe-ƙarfe a kansa, alama ce an yi wani dogon lokaci ba a shimfiɗa komai, ko ma ruwa ya kwashe abin da aka shimfiɗa. Warƙoƙi sun ɓata a wurin, sa alama a zanenka.

Jar marmarar da ke rufe saman tuddanmu, wuce ta kawai.

Gane na gaske da na bogi

Yanzu ka iya durƙusawa. Bi shimfiɗa ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan har ƙarshenta kafin ka hau ta gaba.

A farin dutsen Kalambaina abin da ya fi yawa shi ne katantanwa da ƙumbar ruwa, amma sau da yawa ɓawon kansa ya narke, abin da ya rage shi ne lakar da ta cika cikinsa ta ɗauki siffarsa, kamar yadda masa ke ɗaukar siffar tanda. Akwai kuma bushiyar teku, wani dunƙulallen abu kamar ƙaramin kwano a kife, da zanen fure mai kunne biyar a bayansa. In ka ga wannan zane ka yi murna, domin danginta a ruwan gishiri kaɗai suke rayuwa. Shaida ce da ba ta buƙatar rantsuwa.

A lakar Dange nemi baƙaƙe ko ruwan goro masu sheƙi: haƙoran kifin shak, gaɓoɓin ƙashin bayan kifi masu kama da ƙaramin turmi mai rami sama da ƙasa, gutsattsarin ƙoƙon kififiya, da wasu dunƙule-dunƙule masu sinadarin fosfet, cikinsu har da kashin kifi da na kada. Ƙashi na gaske in ka dubi karyayyen gefensa za ka ga ƙananan ƙofofi kamar na soso. Itacen da ya zama dutse kuma yana da zare-zare irin na itace, amma ga nauyi, wuƙa ba ta kama shi.

Na bogi ma suna da yawa. Dunƙulen ƙarfe mai zagaye, yara za su rantse maka ƙwan wata dabba ne. Baƙin zane mai rassa kamar ganye a fuskar dutse, ma'adini ne ya tsattsafa ya bushe. Gatarin aradu kuwa, wancan sumul ɗin dutse da tsofaffi ke cewa tsawa ce ta jefo, aikin hannun mutanen da ne, tarihinsa daban, kuma jariri ne in aka gwada shi da waɗannan.

Kafin ka ciro komai, ɗauki hotonsa a inda yake, da biro a gefe don a gane girmansa. Ɗauki wani hoton daga nesa wanda zai nuna shimfiɗar. Ajiye wurin a taswirar waya. Sannan ka sassaƙa kewayensa, nesa da shi kaɗan, ka ɗago shi da dutsen da ke riƙe da shi, ka naɗe a jarida. Leda ɗaya, shimfiɗa ɗaya, da 'yar takarda a ciki mai ɗauke da kwanan wata, sunan wuri, lambar shimfiɗa da sunanka. Abin da ka tsinta a zube a gindin gangare rubuta masa "faɗowa ya yi", don ba ka san daga ina ya gangaro ba. In kuwa ka ga ƙasusuwa a jere, ko wani abu mai kama da ƙoƙon kai, tsaya. Kada ka haƙa. Ɗauki hoto, rufe da ƙasa, ka kai labari sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Yadda ƙasusuwan suke kwance shi kansa bayani ne, kuma guduma ɗaya tana iya ruguza shi.

Wane ne ya riga wani

Ga ƙa'ida ta farko, wadda wani masani ɗan Denmak, Nicolas Steno, ya rubuta a 1669: in ba a birkita shimfiɗu ba, ta ƙasa ta girmi ta sama. Kowace mai jera kwanuka ta san wannan. Duwatsun Sakkwato kuwa sun yi mana kirki, kusan a kwance suke yadda aka shimfiɗa su.

Ta biyu ta fi daɗi. William Smith, mai awon hanyoyin ruwa a Ingila, ya lura kowace shimfiɗa tana da irin nata halittun, kuma jerinsu ba ya sauyawa ko ina ka je. Da haka ya zana taswirar duwatsun ƙasarsa a 1815. Koma ga littafin hannu: magabata sukan rubuta kalmar farko ta warƙar gaba a ƙasan wadda ake karantawa, don in sun watse a iya jera su. Burbushin halittu su ne wannan kalma. Da su ake haɗa shimfiɗar da ke Sakkwato da 'yar'uwarta a Nijar ko Masar.

Gwada da namu. A shimfiɗar Dukamaje akwai amonait, wata halittar teku mai ɓawo a naɗe kamar ƙahon rago. Irin da ake kira Libycoceras ana samun sa nan, ana samun sa a arewacin Afirka, alamar ruwa ɗaya ne ya haɗa mu. A nan ne kuma aka haƙo wani ƙaton ƙadangaren teku, dangin guza da damo na nesa, mai dogon baki. W. E. Swinton ne ya fara bayaninsa a 1930, sannan a 1972 masana daga Italiya ƙarƙashin Augusto Azzaroli suka raɗa masa Goronyosaurus nigeriensis, wato ƙadangaren Goronyo. Akwai kuma wani kadan teku da aka sa wa Sokotosuchus a 1975. Sunayen garuruwanmu na yawo a littattafan duniya, mu nan ba mu da labari, abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

To hau zuwa Dange da Kalambaina. Babu amonait ko ɗaya, babu ƙadangaren teku. Tsakanin rukunin Rima da na Sakkwato ne babbar halakar nan ta shekara miliyan 66 ta faɗo, lokacin da wani dutse mai faɗin kusan kilomita 10 ya rikito daga sama ya daki inda yanzu yake Meziko, aka rasa kusan kashi uku cikin huɗu na nau'o'in halittu, har da dinoso, waɗancan manyan dabbobi masu kama da ƙadangare, in ban da reshensu da ya zama tsuntsaye. Amma kadojin teku masu dogon baki sun tsallake, ga ƙasusuwansu a lakar Dange. Kifin shak da kififiya ma sun tsallake. Haka wani ɗan'uwan amonait mai suna notilas, wanda ake samu a Kalambaina. Saboda haka in ka tsinci naɗaɗɗen ɓawo, dubi layukan da suka ratsa jikinsa: in sun yi lanƙwashe-lanƙwashe kamar zanen lalle, amonait ne, kana ƙasa da halakar. In layukan sun tafi sumul da 'yar lanƙwasa, notilas ne. Wannan ne dalilin tambayar da dattijon ya yi mini a kan tebur.

Daga ina miliyoyin suka fito

Jeri yana gaya maka wa ya riga wa, ba ya faɗin shekara nawa. Lissafin shekaru daga wasu sinadarai yake fitowa, masu rikiɗa a hankali bisa ƙa'idar da ba ta sauyawa. Yuraniyom 238 yakan ɗauki kimanin shekara biliyan 4.5 kafin rabinsa ya koma darma. Idan dutse mai aman wuta ya watsa toka ta kwanta tsakanin shimfiɗu, ana auna yuraniyom da darmar da ke cikin ƙwayoyin tokar a san zamanin kwanciyarta. An yi haka a wurare da dama na duniya inda toka ta haɗu da burbushi, sai aka san zamanin kowane iri. Duwatsunmu da wannan haɗi ake ba su shekaru, musamman da amonait da wasu mitsi-mitsin halittu da sai da madubin ƙara girma ake ganin su.

Ɗalibai kan ce, "Malam, ba da kabon ake aunawa ba?" Kabon 14, wani sinadari da ke cikin saurar duk abin da ya taɓa rayuwa, rabinsa na ƙarewa cikin shekara 5,730, bayan kimanin shekara 50,000 babu sauran abin aunawa. Ya yi daidai da kwalekwalen Dufuna da aka gano a Yobe a 1987, mai shekara wajen 8,000. Ga haƙorin Dange kuwa, kamar auna hatsin rumbu ne da cokalin shayi.

Don hankali ya kama tsawon abin, ɗauki cazbi mai ƙwaya 99 a matsayin shekarun duniya, biliyan 4.54. Kowace ƙwaya kusan miliyan 46 ke nan. Tsofaffin alamun rai, na ƙananan ƙwayoyin halitta masu shekara biliyan 3.5, suna wajen ƙwaya ta 23. Dabbobi masu ɓawo ba su yawaita ba sai a ƙwaya 12 na ƙarshe. Tekun Sakkwato duka biyu, da shigowarsu da janyewarsu, suna cikin ƙwayar kusa da ta ƙarshe.

Kusan duk fita sai wani ya tambaye ni ko wannan bincike bai saɓa wa addini ba. Nakan karanta masa aya ta 20 a Suratul Ankabut, inda aka ce a yi tafiya a cikin ƙasa a duba yadda aka fara halitta, in kuma gaya masa Ibn Sina, shekara dubu da suka wuce, ya rubuta cewa ana fasa duwatsu a tarar da sassan halittun ruwa a ciki. Tafsiri na malamai ne, ni aikina nuna abin da ke jikin gangare.

In an dawo gida

Kada ka juye ledoji wuri ɗaya. Buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Na farin dutse ana iya wanke su da ruwa da buroshi a shanya a inuwa. Na cikin laka kada su ga ruwa, laka na kumbura ta farfasa ƙashin, buroshi busasshe da tsinken sakace sun isa. Kada ka shafa musu mai ko fenti don su yi ƙyalli. Shafa ɗan farin fenti a wani lungu da ba ya ɓoye komai, ka rubuta lamba, ka sa lambar nan a littafinka tare da duk abin da ke kan 'yar takardar ledar. Kwalin ashana da gwangwanin madara da auduga a ciki sun isa ma'aji.

Sai ka shimfiɗa zanen ginshiƙinka a kan tabarma, ka jera kowane abu a gefen shimfiɗar da ya fito, daga ƙasa zuwa sama, ka rubuta a gefe abin da kake zaton wurin yake a lokacin: kogi ne, bakin gaɓa ne, ruwa mai laka ne ko garau mai ɗumi inda bushiyar teku ke kiwo. Abin da ya gagare ka suna, ɗauki hotonsa ta sama da ta gefe da ta ƙasa, ka tafi da shi jami'a tare da littafin. Damina ta gaba in ta ɗauke, koma wannan gangaren da zanenka a hannu, ka fara daga shimfiɗa ta 1, don ruwa zai fito da abin da bana yake a rufe.